Fina-finan soyayyar manya: ranar da ƴaƴa suka zama waliyyai

Duk wanda ya taɓa biyan kuɗin ƙofa ya shiga gidan sinima, ko ya zauna kan benci a rumfar bidiyo a Maraɗi ko Damagaram, ya san yadda labarin soyayya yake tafiya a majigi. Saurayi ya ga budurwa, budurwa ta ga saurayi, sai uba mai dukiya ya tashi ya ce atafau ba za a yi ba. A yi waƙa, a yi kuka, a yi faɗa, bayan awa uku a ɗaura aure. Amma akwai wasu fina-finai, ba su da yawa, waɗanda masoyan cikinsu sun riga sun yi furfura, sun binne iyayensu, wasu ma sun binne abokan zamansu na fari. Mai karatu zai zaci irin waɗannan ba su da mai hana su, tun da babu sauran uba ko waliyyi a kansu. Abin mamaki, in aka bi fina-finan ɗaya bayan ɗaya, daga Amurka zuwa Jamus har Indiya, sai a tarar sau da yawa akwai masu tsaye a bakin ƙofa, kuma ƴaƴan cikinsu ne.

Wanda ya nuna wannan a fili tun da wuri shi ne Douglas Sirk, Bajamushen da ya yi hijira zuwa Amurka, a fim ɗinsa na shekara ta 1955 wanda Faransawa suka sa wa suna "Tout ce que le ciel permet". Wata mata mai rufin asiri, Cary, mijinta ya rasu ya bar mata gida da ƴaƴa biyu manya. Sai zuciyarta ta karkata ga Ron, mai gyara mata itatuwan lambu, wanda ta girme shi kuma bai kai ta dukiya ba. Gari ya ɗauki tsegumi. Ɗanta ya ce ta zubar da mutuncin ubansu, ƴarta ta zo tana kuka wai ƙawaye suna yi mata dariya. Cary ta haƙura, ta sallami masoyinta saboda su. Ba a yi nisa ba, a bikin Kirsimeti, ƴar ta ba da labarin cewa ita aure za ta yi, ɗan kuma ya ce zai tafi ƙasar waje, saboda haka ya kamata a sayar da gidan. Daga nan aka turo kyautar da suka saya mata: akwatin talabijin, domin ya ɗebe mata kewa. Kyamara ta matsa kusa da gilashin akwatin, ba a kunna shi ba, babu abin da ake gani ciki sai fuskar uwar ita kaɗai. Duk wanda ya taɓa aika wa tsohuwa kuɗi ko kaya a madadin zuwa gaishe ta, wannan hoton zai ɗan sosa masa rai. (Abin dariya a nan, Jane Wyman da ta fito a matsayin wannan "dattijuwa" shekarunta 38 ne kacal a lokacin. Haka Holiwud take lissafin tsufan mata.)

Bayan shekara 19, wani matashin Bajamushe, Rainer Werner Fassbinder, ya ɗauki wannan labari ya cire masa ado. A fim ɗinsa na 1974, "Tous les autres s'appellent Ali", matar ba mai dukiya ba ce. Emmi mai shara ce a birnin Munik, ta kai shekara sittin, mijinta ya daɗe da rasuwa. Ruwan sama ya kore ta cikin wata mashaya inda baƙi Larabawa suke taruwa, can ta gamu da Ali, lebura ɗan ƙasar Maroko wanda ta ba shi shekara ashirin ko fiye. Suka yi aure. Ranar da ta tara ƴaƴanta uku ta gabatar musu da shi, ɗaya daga cikinsu ya tashi ya sa ƙafa ya farfasa gilashin talabijin ɗinta. Fassbinder ya san abin da yake yi: akwatin nan na Sirk ne ya dawo da shi.

Rabin fim ɗin na biyu shi ne ya fi dacewa ƴan kasuwa su lura da shi. Mai kantin unguwa ya ƙi sayar wa Ali kaya, maƙwabta sun daina amsa gaisuwa, abokan aikin Emmi suna tashi su bar ta ita kaɗai a kan matakala lokacin cin abinci. Ma'auratan suka yi ƴar tafiya, da suka dawo sai suka tarar kowa ya saki fuska. Shin tuba aka yi? Ko kusa. Mai kanti ya lura babban shagon zamani yana janye masa masu ciniki, bai ga dalilin rasa Emmi ba. Maƙwabciya tana son a ba ta wurin ajiya, kuma Ali ƙaƙƙarfa ne wajen ɗaukar kaya. Ɗan da ya fasa talabijin yana neman mai yi masa reno. Watau ƙiyayyar ba ta mutu ba, buƙata ce ta rufe mata baki. Kuma daidai lokacin da mutane suka sassauta ne auren ya fara tsagewa daga ciki, har Ali ya yanke jiki ya faɗi da gyambon ciki, aka ƙare fim ɗin Emmi tana zaune bakin gadonsa a asibiti. Babu waƙa, babu rawar murna, amma da wuya a sami fim ɗin da ya fi shi faɗin gaskiya game da abin da ke sa dangi su ƙi aure da abin da ke sa su yarda da shi.

Masu kallon fina-finan Indiya sun fi sanin wani salon na wannan magana. A "Baghban" na Ravi Chopra, wanda ya fito a 2003, Amitabh Bachchan da Hema Malini ba sababbin masoya ba ne, shekara arba'in suka yi da aure. Shi ma'aikacin banki ne da ya kashe duk abin da ya tara a kan ƴaƴansa maza huɗu, yana ganin su ne ajiyarsa. Da ya yi ritaya, sai ƴaƴan suka yanke shawarar raba nauyi: uba ya zauna gidan wannan, uwa ta zauna gidan wancan, bayan wata shida a sauya. Tsofaffin nan suka koma kamar yara masu ɓoye soyayya, ana jiran wasiƙa, ana satar buga tarho da dare. Gaskiya fim ɗin ya cika zuzutawa. An mai da ƴaƴan miyagu ƙarara, an mai da yaron da aka yi riƙo, wato Salman Khan, kamar waliyyi, sa'an nan aka sa uban ya rubuta littafi ya yi arziki dare ɗaya, abin da ba kasafai yake faruwa ga ɗan fansho ba. Duk da haka tambayar da ya aje tana da nauyi ga kowane ma'aikaci da ritaya take matso masa: wanda ya ciyar da kai, shi ne zai faɗa maka inda za ka kwana, da wanda za ka kwana kusa da shi.

Ko "Sur la route de Madison" na Clint Eastwood, wanda ya yi tashe a 1995, yana da ƴaƴa a bakin ƙofarsa. Matar manomi ce a jihar Ayowa ta yi kwana huɗu tana son wani baƙo mai ɗaukar hoto, ta kuma ƙi binsa domin kada ta rushe gidanta. Ƴaƴan ba su san komai ba sai bayan rasuwarta, da suka buɗe akwatinta suka karanta abin da ta rubuta. Ɗan ya fara da fushi, kamar shi aka ci amana.

To yaya abin yake a sinimar Afirka? A nan, in dattijo ya fito yana neman aure, yawanci ba tsararsa yake nema ba. Marigayi Oumarou Ganda ya ci babbar kyautar Yennenga ta farko a bikin FESPACO na Wagadugu a 1972 da "Le Wazzou polygame", labarin wani alhaji da ya dawo daga Makka ya ɗauki yarinyar da aka yi wa wani saurayi alkawari, ya yi ta uku da ita, abin ya ƙare da jini. Sembène Ousmane na Senegal ya yi wa irin wannan alhajin ba'a a "Xala" na 1975. Waɗannan labaran iko ne da kuɗi, soyayya kaɗan ce a cikinsu. Sai da Sembène ya haura shekara 75 sa'an nan ya juya maganar, a "Faat Kiné" na shekara ta 2000. Kiné tana riƙe da gidan sayar da mai a Dakar, ta kai shekara arba'in, ta yi renon ƴaƴa biyu ita kaɗai bayan mazan da suka yi mata cikin sun gudu. Da yaran suka ci jarrabawar bakaloreya, su ne da kansu suka shiga neman wa uwarsu miji, suka zaɓi Jean, wani ɗan kasuwa Kirista da matarsa ta rasu. Ga ƴaƴa sun sake zama waliyyai, sai dai wannan karon masu turawa ne, ba masu hanawa ba. Kiné ba ta karɓi abin hannu biyu ba nan take, domin ta san farashin ƴancinta, ita ta biya shi.

Bahaushe ba baƙo ba ne ga wannan fage. Zawarci yana da sunansa da ladubbansa, mace takan fita takaba bayan wata huɗu da kwana goma ta sake aure ba tare da an ɗaga gira ba, kuma tun kaka da kakanni akwai auren ɗauki-sandanka, inda mace take zaune a gidanta miji ya riƙa zuwa. Al'adar ta tanadi hanya. Inda ake samun cikas shi ne in shekaru sun ja, ƴaƴa sun girma, kuma akwai gida ko kanti ko fili a tsakani. A nan ne ake jin "Hajiya, me kike nema kuma?", ko a fara ƙirga abin da baƙuwar Alhaji za ta ci a gado tun yana da ransa. Wani lokaci kunya ce ta gaskiya, wani lokaci tsoron rasa mai reno ne, kamar ɗan Emmi. Masu shirya fina-finan Hausa, waɗanda suka ƙware a rigimar kishiyoyi da auren dole, suna da labari a nan wanda bai tsufa ba.

Wanda ya fi kowa yi wa ƴaƴan adalci shi ne Ritesh Batra, Ba'indiye, a fim ɗin "Nos âmes la nuit" da ya yi wa kamfanin Netflix a 2017. Jane Fonda tana da shekara 79 a lokacin, Robert Redford, wanda ya rasu a watan Satumba na 2025, yana da 81, kuma wannan ne karo na huɗu da suka fito tare tun 1966. A wani ƙaramin gari na jihar Kolorado, Addie ta ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabcinta Louis da wata buƙata mai ban mamaki. Dukansu biyu sun rasa abokan zama. Ta ce dare ne yake yi mata tsawo, tana son wanda za ta yi hira da shi har barci ya ɗauke ta. Louis ya fara zuwa ta ƙofar baya don gudun idon mutane, ita kuwa ta ce ya riƙa biyowa ta gaba. Tsofaffin gari suka yi ta zolayarsa a wurin shan kofi, abin bai dame su ba.

Wanda ya raba su shi ne Gene, ɗan Addie. Amma Gene ba mugu ba ne irin na "Baghban". Aurensa ya mutu, sana'arsa ta karye, yana da ƙaramin yaro da ba ya iya kula da shi, kuma yana ɗauke da wani tsohon ciwo tun ranar da mota ta kashe ƴar'uwarsa suna yara, yana ganin uwar ta ɗora masa laifin. Da Addie ta faɗi ta karye a ƙugu, sai ya ce ta dawo kusa da shi. Ta auna masoyi da jika, ta zaɓi jika, ta tattara kayanta ta bar garin. Louis bai yi gardama ba. Ya koma cin abincinsa shi kaɗai a gaban talabijin kamar dā, ya aika mata wayar hannu cikin ƙunshi. Wani dare tana kwance a sabon ɗakinta, shi yana kwance a nasa, wayar ta yi ƙara, suka ɗora hirarsu daga inda suka tsaya.