Gadar Kennedy da 12 ga Yuni a Idon Mutumin Baure

Daga Babban Mutum a ƙaramar hukumar Baure zuwa Magarya ta jihar Damagaram babu wata nisa. Kasuwa ɗaya ake ci, ana auratayya, harshe kuma ɗaya ne. A farkon shekarun 1990 mutanen wannan iyaka sun ga ƙasashensu biyu sun tashi neman sallamar mulkin soja, kuma sun ga yadda duniya ta saurari kukan kowacce da kunne daban.

Gwagwarmayar Nijar ce ta fara. Ranar 9 ga Fabrairu 1990 ɗaliban jami'ar Yamai suka fito suna ƙin matakan tsuke bakin aljihu da aka ɗora wa ilimi. Jami'an tsaro suka buɗe musu wuta a gadar Kennedy, ɗalibai uku suka rasu bisa ƙidayar hukuma. Da a ce an bar wa ɗalibai makokinsu kaɗai, da maganar ta mutu a nan. Sai ƙungiyar ƙwadago ta USTN ta ɗauke ta ta mayar tata, aka shiga yajin aiki, har shugaban ƙasa Janar Ali Saibou ya amince da jam'iyyu da yawa a watan Nuwamba. Daga 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamba 1991 aka yi babban taron ƙasa ƙarƙashin Farfesa André Salifou, taron da ya karɓe iko daga hannun Janar ya bar masa kujera kawai. A Maris 1993 Mahamane Ousmane, ɗan Damagaram, ya ci zaɓe.

Ba a yi wata uku ba Najeriya ta yi nata zaɓen, ranar 12 ga Yuni. Mashood Abiola ya kayar da Bashir Tofa har a jihar Tofa ta Kano, amma Janar Babangida ya soke sakamakon. A watan Yuli Legas ta rikice, sojoji suka kashe mutane da dama a kan titi. Babangida ya sauka a watan Agusta, sai dai kafin shekara ta ƙare Janar Sani Abacha ya ture gwamnatin riƙo ta Shonekan, abin ya koma ya fi da muni. A 1994 aka kama Abiola, ma'aikatan man fetur suka yi dogon yajin aiki, aka tsare shugabanninsu.

A nan ne nake ganin mu 'yan Arewa muka yi babbar asara. Gwamnati ta yi nasarar sayar mana da cewa 12 ga Yuni rigimar Yarbawa ce, alhali ƙuri'ar talakan Kano na cikin waɗanda aka zubar. Akwai waɗanda suka ƙi sayen wannan magana. Kanal Abubakar Dangiwa Umar ya bar aikin soja saboda ita, Balarabe Musa bai taɓa yin shiru ba. Shehu Musa 'Yar'aduwa na Katsina, da ya matsa sai an sa wa Abacha ranar tafiya, a kurkukun Abakaliki ya rasu a Disamba 1997. Amma kasuwanninmu ba su rufe ba, kuma soja ya san ba a raba shi da mulki da hayaniyar gari ɗaya, ko da garin Legas ne. A Nijar, Bazabarme da Bahaushe da Babarbare sun tsaya a sahu ɗaya.

To, ƙasashen waje fa? A Yuni 1990, a garin La Baule, shugaban Faransa François Mitterrand ya shaida wa shugabannin Afirka cewa tallafi zai riƙa bin inda ake dimokuraɗiyya. Farashin yuraniyom ya faɗi, baitulmalin Nijar ya bushe, don haka Saibou ba shi da halin toshe kunne. Shi kuwa Abacha yana da fetur. Bayan an rataye Ken Saro-Wiwa da abokansa takwas ranar 10 ga Nuwamba 1995, Commonwealth ta dakatar da Najeriya, Turai da Amurka suka hana manyan sojoji biza, Mandela ya yi ta kiran a daina sayen man ƙasar. Ba a daina ba. Mutuwa ce ta raba Abacha da mulki a Yuni 1998. Masu zanga-zanga jini iri ɗaya suka zubar, amma manyan ƙasashe sun auna shi ne da abin da za su samu ko su rasa.

Nasarar Nijar ma ba ta jima ba, don a Janairu 1996 Ibrahim Ba'are Mainasara ya kifar da Ousmane. Najeriya da ta sha wuya ta fi riƙe abin da ta samu: tun 1999 soja bai dawo ba, kuma a 2018 Muhammadu Buhari, ɗan Daura wanda shi kansa ya taɓa kifar da zaɓaɓɓiyar gwamnati, ya mayar da 12 ga Yuni ranar dimokuraɗiyya.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne na Yuli 2023. Soja suka tsare shugaban Nijar Mohamed Bazoum, dubban mutane suka cika titunan Yamai suna yi musu lale, ECOWAS ta ce za ta kare dimokuraɗiyya. Yadda ta kare ta shi ne rufe iyaka da yanke wuta. Babu janar ɗin da ya kwana da yunwa. Mai kai hatsi, mai sayar da dabbobi, direba, da matar da danginta ke Magarya, su suka biya. Duk mai son taimaka wa al'ummar da ke neman 'yancinta, ya nemi asusun masu bindiga, ya ƙyale kasuwar talaka. Najeriya ta buɗe iyakar a Maris 2024, a lokacin Bazoum na nan a tsare, sojojin kuma suna kan mulki.