Aiki daga gida da ƙaurar kamfanoni daga Kalifoniya zuwa Teksas

A watan Disamban 2020, manyan kamfanoni biyu da suka girma a Silicon Valley, cibiyar fasahar kwamfuta ta jihar Kalifoniya, suka sanar da ɗauke hedkwatarsu zuwa Teksas. Hewlett Packard Enterprise ya zaɓi yankin Houston, Oracle kuma birnin Austin. Kafin shekara ta zagayo, Tesla ya bi sahu daga Palo Alto zuwa Austin.

Dalilan ƙaurar tsofaffi ne. Harajin da Kalifoniya ke yanka wa masu samu da yawa yana kaiwa kashi 13.3 cikin 100, ita kuwa Teksas ba ta karɓar ko sisi a kan albashi, sai dai abin da gwamnatin tarayya ta cira. Ga tsadar muhalli a kewayen San Francisco, inda injiniya mai albashi mai tsoka kan ƙare a gidan haya. Kamfanoni sun daɗe suna gunaguni amma suna zaune, domin ƙwararrun suna can, kuma al'ada ita ce ma'aikaci ya bayyana a ofis kowace safiya.

Annobar korona ce ta kwance wannan igiya. Watanni aka yi ofisoshi na kulle, ana taro ta Zoom daga teburin cin abinci, kuma aiki bai tsaya ba. A Mayun 2020 Twitter ya ba ma'aikatansa damar zama a gida har illa ma sha Allahu. Da zarar ta tabbata cewa mai rubuta manhaja zai iya aiki daga ko'ina, sai adireshin kamfani ya zama abin ciniki. Oracle da kansa ya danganta ƙaurarsa da ba ma'aikata zaɓin wurin aiki. Jihohin da ba su da harajin albashi suka shiga zawarci: kamfanin hada-hadar kuɗi na Citadel ya bar Chicago zuwa Miami a 2022, a 2024 kuma Oracle ya ce zai ƙara gaba zuwa Nashville.

Sai dai sau da yawa allon suna ne ke tashi, mutane na nan inda suke. Dubban ma'aikatan waɗannan kamfanoni ba su motsa daga Kalifoniya ba, kuma har gobe can masu zuba jari a sababbin kamfanonin fasaha suka fi taruwa. Austin ma ta ɗanɗana kuɗarta, domin tururuwar baƙi ta cilla farashin gidaje sama, ta rage arahar da aka zo nema. Shi kansa Tesla, a Fabrairun 2023, ya buɗe hedkwatar injiniyoyinsa a Palo Alto, garin da ya bari, a tsohon ginin Hewlett-Packard.