Kalandar bango ta Yahudawa

Kalandar bango ta Yahudawa, wadda ake kira luach da Ibrananci, kalanda ce da ake ratayawa a gidaje da majami'u da makarantu da shaguna, mai nuna kwanan watan Yahudawa kusa da na Miladiyya, tare da ranakun bukukuwa da na azumi da lokacin shigar ranar Asabar. Asalin ma'anar kalmar luach shi ne allo. Akwai kuma littattafan tsara ayyuka, na aljihu da na tebur, masu ɗauke da waɗannan bayanai. Kalandun ba iri ɗaya ba ne. Wadda aka buga domin birnin Kudus ba za ta yi wa mazaunin Landan daidai ba, saboda lokutan faɗuwar rana da yawan kwanakin wasu bukukuwa sun dogara ne da wurin da mutum yake zaune da kuma al'ummar da yake bi.

Tsarin lissafi

Kalandar Yahudawa tana bin wata da rana a lokaci guda. Kowane wata yana da kwana 29 ko 30, kuma shekara ta yau da kullum tana da wata 12: Tishrei, Cheshvan, Kislev, Tevet, Shevat, Adar, Nisan, Iyar, Sivan, Tammuz, Av da Elul. Da yake wata 12 sun gaza shekarar rana da kusan kwana 11, ana ƙara wata na 13 sau bakwai a cikin kowace shekara 19, wato a shekara ta 3, 6, 8, 11, 14, 17 da 19. A irin wannan shekara ana samun Adar na ɗaya da Adar na biyu. Wannan ƙari shi ne ke hana bikin Pesach barin lokacin da Attaura ta ajiye masa, bayan wucewar sanyi a ƙasar da aka fara yin sa. A nan ta bambanta da kalandar Hijira, wadda ba ta ƙara wata, shi ya sa Ramadan yake zagaya duk lokutan shekara.

Tsawon shekarar yana iya zama kwana 353, 354 ko 355, a shekara mai ƙarin wata kuwa 383, 384 ko 385. Cheshvan da Kislev su ne watannin da tsawonsu ke sauyawa. Akwai kuma ƙa'idar da ta hana ranar farko ta shekara faɗawa Lahadi ko Laraba ko Juma'a. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne kada azumin Yom Kippur ya maƙale wa Asabar ta gaba ko ta baya.

Ana ƙirga shekaru daga 3761 kafin Miladiyya, shekarar da al'adar malaman Yahudawa ta ɗauka a matsayin farkon halitta. Shekara ta 5785 ta fara ne da yammacin 2 ga Oktoba 2024, ta 5786 kuma da yammacin 22 ga Satumba 2025.

Tarihi

A zamanin da, kotun malamai ce ke ayyana sabon wata bayan shaidu sun ce sun gan shi, sannan a aika labari zuwa garuruwa masu nisa. Al'ada tana danganta komawa ga tsayayyen lissafi ga Hillel na Biyu, a wajen shekara ta 359 Miladiyya, ko da yake masana tarihi suna ganin tsarin ya kammala ne a hankali cikin ƙarnukan da suka biyo baya. A 921 zuwa 922 an yi babban saɓani tsakanin Saadia Gaon a Iraƙi da Aharon ben Meir a Falasɗinu kan ranakun bukukuwa, har al'ummomi suka yi biki a ranaku mabambanta. Daga baya Musa bin Maimun, wato Maimonides, ya rubuta ƙa'idojin lissafin dalla-dalla a littafinsa Mishneh Torah a ƙarni na 12.

Da aka samu injin ɗab'i a Turai, sai aka fara buga ƙananan kalandu na shekara-shekara. 'Yan kasuwa sun riƙa amfani da su sosai, domin a ciki ana saka ranakun manyan kasuwanni da bukukuwan Kirista kusa da na Yahudawa. A zamanin nan akwai kalandu biyu da suka yi suna wajen bayyana tsarin ibada a majami'a: wadda Rabbi Yechiel Michel Tucazinsky ya fara fitarwa a Kudus a farkon ƙarni na 20, da ta ƙungiyar Ezras Torah ta New York, wadda ta ginu a kan hukunce-hukuncen Rabbi Yosef Eliyahu Henkin.

Abin da kalandar ke nunawa

Manyan ranakun da ake samu a kusan kowace kalanda su ne:

Rosh Hashanah, sabuwar shekara, 1 da 2 ga Tishrei.
Yom Kippur, ranar azumi da neman gafara, 10 ga Tishrei.
Sukkot, bikin bukkoki, daga 15 ga Tishrei, sai Shemini Atzeret a ranar 22.
Hanukkah, kwana takwas daga 25 ga Kislev.
Purim, 14 ga Adar, amma a Kudus 15. A shekara mai ƙarin wata ana yin sa a Adar na biyu.
Pesach, daga 15 ga Nisan, tunawa da fitowar Bani Isra'ila daga Masar.
Shavuot, 6 ga Sivan.
Tisha B'Av, 9 ga Av, azumin juyayin rushe Haikalin Kudus.

Akwai ƙananan ranakun azumi kamar 3 ga Tishrei, 10 ga Tevet da 17 ga Tammuz, da kuma Rosh Chodesh, wato farkon kowane wata. A kowace Asabar ana rubuta sunan sashen Attaura da za a karanta a majami'a. An kasa Attaura kashi 54 domin a sauke ta a shekara, kuma a wasu makonni ana haɗa kashi biyu. Cikakkun kalandu suna ƙara ƙirgen Omer, kwana 49 tsakanin Pesach da Shavuot, da shafin Talmud na kowace rana a tsarin Daf Yomi, wanda Rabbi Meir Shapiro ya kawo a 1923. Tsarin yana ɗaukar kusan shekara bakwai da rabi kafin a gama shafi 2,711.

Abubuwan da ake dubawa wajen zaɓe

Wurin zama. Ranar Asabar tana shiga ne da faɗuwar ranar Juma'a, kuma daga nan masu kiyaye addini ba sa kunna wuta, ba sa tuƙi, ba sa rubutu har sai taurari sun fito a daren Asabar. Saboda haka lokacin kunna kyandir na Juma'a shi ne abin da aka fi dubawa a kalandar. A yawancin wurare ana kunnawa minti 18 kafin faɗuwar rana, amma al'adar Kudus minti 40 ce. Kamar yadda jadawalin lokutan salla yake na gari guda, haka wannan ma. Wasu kalandu suna kawo lokutan birane da dama a gefe, wasu na gari ɗaya kawai. Wanda ya yi amfani da lokacin wani gari yana iya kunna kyandir bayan Asabar ta riga ta shiga, abin da shari'ar Yahudawa ta hana. Ya kamata kuma a duba ko an yi la'akari da sauyin agogo da ake yi a Turai da Amurka sau biyu a shekara.

Isra'ila ko wajenta. Da yake a zamanin da saƙon ganin wata yana jinkirin isa ƙasashe masu nisa, Yahudawan waje sun ɗauki al'adar ƙara kwana ɗaya a manyan bukukuwa, kuma ba su bari ba bayan an koma lissafi. Pesach kwana bakwai ne a Isra'ila, takwas a waje. Shavuot kwana ɗaya ne a Isra'ila, biyu a waje. Simchat Torah ana haɗa shi da Shemini Atzeret a Isra'ila, a waje kuma washegari ake yi. Rosh Hashanah kwana biyu ne a ko'ina. Idan ƙarin ranar ta faɗa Asabar, karatun Attaura na Isra'ila yana shiga gaba da mako guda, kamar yadda ya faru a 2019 da 2022, inda aka ɗauki watanni kafin a daidaita. Wannan ya shafi yaron da zai yi bar mitzvah yana ɗan shekara 13, wanda ke shafe watanni yana koyon sashen da zai karanta a gaban jama'a. Kalandar da ba ta wurinsa ba tana iya sa shi koyon wani sashe daban.

Ɓangaren addini. Yahudawan Orthodox da Conservative da ke wajen Isra'ila suna kiyaye ƙarin ranar, yayin da yawancin majami'un Reform suka bar ta. Ranakun da ƙasar Isra'ila ta kafa, kamar Yom HaShoah a 27 ga Nisan da ranar 'yanci a 5 ga Iyar, suna cikin kalandu da yawa, amma kalandun wasu al'ummomin Haredi ba sa saka su. Waɗannan ranaku ana matsar da su gaba ko baya idan sun zo kusa da Asabar. Kalandun Chabad suna ƙara ranakun da suka shafi shugabannin ƙungiyar. Yahudawan Maroko suna bikin Mimouna da ƙarewar Pesach, na Habasha kuma suna Sigd a 29 ga Cheshvan, wanda Isra'ila ta amince da shi a hukumance a 2008. Karaite suna da nasu lissafin, kuma Shavuot ɗinsu kullum ranar Lahadi yake.

Yadda aka rubuta jajibiri. Ranar Yahudawa tana farawa da faɗuwar rana, kamar a lissafin Musulunci. Kalandun ofis na gama-gari sukan rubuta sunan biki a rana ɗaya ba tare da bayani ba, wasu a ranar jajibiri, wasu a washegari. Wannan yana jawo a saka jarrabawa ko taro a yammacin da biki ya riga ya shiga. Kalanda mai kyau tana rubuta erev, wato jajibiri, a fili, kuma tana bambanta ranakun da aka hana aiki da waɗanda ba a hana ba. Alal misali, ana zuwa aiki a kwanakin Hanukkah da kuma tsakiyar Pesach da Sukkot a gidaje da yawa, amma ba a ranakun farko na Pesach ba.

Watannin da ta ƙunsa. Kalandun da ake bugawa a Amurka da Ingila galibi suna farawa ne daga Satumba, wasu na wata 13, wasu na 16 har zuwa Disambar shekara mai zuwa. Rosh Hashanah yana faɗawa tsakanin 5 ga Satumba da 5 ga Oktoba, don haka ba a iya kwafe ranakun bara zuwa bana. Ranar farko ta Hanukkah ta zo a 28 ga Nuwamba a 2013, amma a 2024 bikin ya shiga da yammacin 25 ga Disamba. Azumin 10 ga Tevet bai zo ba ko sau ɗaya a 2024, sai ya zo sau biyu a 2025, a 10 ga Janairu da 30 ga Disamba.

Harshe da rubutu. Ibrananci ana rubuta shi daga dama zuwa hagu, don haka a kalandun Isra'ila da dama Lahadi tana hannun dama, Asabar a hagu. Ana rubuta kwanan wata da haruffa maimakon lambobi. Lamba 15 ana rubuta ta a matsayin 9 da 6, 16 kuma 9 da 7, domin a kauce wa haɗa haruffan da ke cikin sunan Ubangiji. Wajen rubuta shekara akan jefar da dubban, sai 5785 ta zama 785. Wanda bai iya karanta Ibrananci ba ya fi dacewa da kalanda mai harshe biyu.

Littattafan tsara ayyuka

Ɗalibai da malamai da ma'aikata sun fi amfani da littafin tsara ayyuka, mai shafi guda ga kowane mako. A ciki ake rubuta ranakun iyali da ke bin watan Yahudawa, musamman yahrzeit, ranar tunawa da rasuwar iyaye ko wani na kusa, inda ake kunna kyandir mai ci na kwana guda. Wanda ya rasu bayan faɗuwar rana, ana lissafa rasuwarsa a kwanan watan gobe. Idan rasuwar ta faru a watan Adar, ko a 30 ga Cheshvan ko 30 ga Kislev, waɗanda ba kowace shekara ake samunsu ba, iyalai sukan tambayi malaminsu ranar da za su riƙe.

Samuwa da adanawa

A Amurka an saba majami'u da cibiyoyin Chabad da gidajen shirya jana'iza da shagunan abincin kosher su raba kalandu kyauta kafin sabuwar shekara, tare da tallace-tallace a gindin shafi. Irin waɗannan suna da amfani domin lokutan garin ne a ciki. Waɗanda ake sayarwa a shagunan littattafai sukan ɗauki hotunan kayan tarihi ko zane-zane, kuma wasunsu ba su da lokutan kyandir na kowane gari.

Shafukan intanet kamar Hebcal suna lissafa ranaku da lokuta na kowane birni, kuma ana iya saka su a waya. Duk da haka kalandar takarda ba ta rasa matsayinta ba, domin masu kiyaye Asabar ba sa taɓa waya ko kwamfuta a ranar, kuma a lokacin ne suke bukatar sanin sa'ar da za ta fita.

Idan shekara ta ƙare, kalandar da ke ɗauke da ayoyin Attaura ko sunan Ubangiji ba a zuba ta a shara. Ana kai ta genizah, wurin ajiye tsofaffin rubuce-rubucen addini kafin a binne su. Saboda haka wasu masu bugawa suke kauce wa saka cikakkun ayoyi, wasu kuma suke rubuta gargaɗi a kan kalandar.