Dahuwar talotalon daji

Mun san talotalo na gida, wanda ake kiwo tare da kaji da zabi. Amma akwai na daji. Yana zaune a dazuzzukan Amurka, da Meziko, da kudancin Kanada. Mutanen Meziko ne suka fara maida shi tsuntsun gida, tun da daɗewa. Bayan shekara ta 1500 Turawan Sifen suka kai shi Turai, daga can ya bazu cikin duniya.

Talotalon daji babba ne. Namiji yakan kai kilo 5 zuwa 11. Kullum yana yawon neman abinci, yana gudu, yana tashi sama ya kwana bisa itace. Shi ya sa ba shi da kitse da yawa. Naman ƙirjinsa kan bushe da wuri a wuta. Cinyoyinsa kuwa jijiya ce ta yi musu yawa, sai tauri. In an dafa su tare, kafin cinya ta nuna ƙirji ya zama kamar igiya. Tsoho ba ya iya tauna shi, yaro ma ya tofar. An yi asarar nama, an yi asarar itace.

To, mine ne magani? Ga abin da maharban can suke yi.

Da farko a fige shi, a bar fatar, don ita ke tsare ruwan nama. A duba da kyau a fidda harsashi. Sannan a raba ƙirji daban, cinyoyi daban.

Na biyu, a jiƙa naman cikin ruwan gishiri: babban cokali 3 cikin lita 1. Gishiri yana shiga nama, ya sa ya riƙe ruwansa lokacin dahuwa. Mai firji ya bar shi ya kwana ciki. Wanda ba shi da firji ya yanka naman ƙanana, ya sa ƙanƙara, kada ya wuce awa 2. Nama ɗanye ba ya son zafi, yana lalacewa ya ɓata ciki.

Na uku, ƙirji. A shafe shi da man shanu ko man gyaɗa, a gasa bisa garwashi marar harshen wuta. A riƙa juyawa ana ƙara mai. A soka wuƙa wurin da ya fi kauri. In ruwa fari ya fito, ba ja, ya nuna. Masu ma'aunin zafi suna jiran digiri 74. A sauke, a rufe, a bar shi minti 10 ya huta. In aka yanka nan take, ruwan duk sai ya tsiyaye.

Na huɗu, cinyoyi. A soya su kaɗan, a zuba ruwa da albasa, tafarnuwa, citta da masoro. A rufe tukunya, a rage wuta, a ba su awa 3 ko fiye, har nama ya saki ƙashi. Mai haƙuri shi ke dafa dutse ya sha romo.

Ƴan uwa, zabon daji ma haka namansa yake. Wannan dabara tana yi masa, sai dai a rage lokaci, tunda shi ƙarami ne.

Tambayoyi
1. Don mi ƙirjin talotalon daji ke saurin bushewa?
2. Cokali nawa na gishiri za a sa cikin lita 2?
3. Yaya ake gane nama ya nuna?