Kafin A Zuba Siminti A Daɓen Sito

'Yan'uwa manoma, bayan kaka ƙungiyoyi da yawa sukan haɗa kuɗi su sayi siminti don gyara daɓen sito. Damina ɗaya ko biyu, sai ka ga daɓen ya tsage, lema ta taso ta ɓata buhunan masara na ƙasa. Sai a ce birkila ya ci siminti. Wani lokaci haka ne. Amma yawanci laifin na ƙasar da ke ƙarƙashi ne. Siminti yana ɗaukar nauyi, amma ba ya lanƙwasa. In ƙasa ta lotsa a ƙarƙashinsa, sai ya karye.

A fara da tsohon daɓen. A bi shi ana ƙwanƙwasawa da sanda. Inda ya yi amo kamar ganga, akwai rami, na ɓera ko na gara. A fasa wurin da diga, a kwashe ƙasa mai laushi har a kai ga mai tauri.

Ido ba ya gane tudu da kwari a cikin ɗaki. Ruwa ya fi shi. A nemi tiyo na roba wanda ake ganin cikinsa, a cika shi da ruwa, kada a bar iska a ciki. A yi alama ɗaya a bango. Mutum ɗaya ya riƙe bakin tiyo a nan, ɗayan ya kai ɗaya bakin kusurwa, ya ɗaga ko ya sauke har ruwa ya zo daidai da alamar farko, sa'an nan ya yi tasa alamar. Haka za a yi a kowace kusurwa. Daga kowace alama a auna ƙasa da awo ɗaya, a kafa fegi, a ja igiya. Igiyar nan ita ce saman sabon daɓen, kuma ya kamata ta fi ƙasar waje tsayi da inci 6.

Yanzu sai a sare tudu, a cike kwari da marmara, ba ƙasar gona ba. Kada a zuba fiye da inci 4 a lokaci ɗaya. A yayyafa ruwa, a daɓe sosai, a sake zubawa. Ruwan ya zama daidai: in ka dunƙule ƙasar a hannu ta kama, amma ba ta ɗiga ba. Iyayenmu mata masu daɓe da makuba sun daɗe da sanin wannan, shi ya sa sukan kwana biyu da madaɓi. A tsaya inci 3 ƙasa da igiya ko'ina.

Wasu sukan ce ai siminti zai cike kwarin. A ɗaki mai ƙafa 12 tsawo da faɗi, ƙarin inci ɗaya kaɗai zai ci wajen buhu ɗaya da rabi, kuma inda ya yi siriri a kan tudu, nan zai fara tsagewa.

A shimfiɗa leda mai kauri don tare lema. A kwaɓa buhu ɗaya da kwanon yashi 6 da na tsakuwa 12, a zuba, a ja miƙaƙƙen katako a kai. A riƙa ba shi ruwa safe da yamma har kwana 7. Buhunan hatsi su jira mako 4, kuma a jera su a kan katako.