Ɗafin -n da sunan abin da aka ƙara wa manhaja

Buɗaɗɗiyar manhaja ita ce wadda lasisinta ya yarje wa kowa ya karanta rubutunta, ya gyara, ya rarraba. Sai dai lasisin bai haɗa da sunanta ba. Sunan alamar kasuwanci ce, kuma yana da mai shi. Shi ya sa a 2006, da saɓani ya shiga tsakanin Mozilla da Debian kan gyare-gyaren da Debian ke yi wa Firefox, Debian ta sauya wa nata suna zuwa Iceweasel, ba ta koma kan sunan asali ba sai 2016.

Ƙananan abubuwan da jama'a ke haɗawa su ɗora wa manhaja ma suna da ƙa'ida. Mozilla ta amince a ambaci Firefox a sunan irin wannan ƙari, amma a ƙarshe, bayan kalmar Ingilishi mai ma'anar "don". WordPress ma ba ta karɓar ƙarin da sunansa ya fara da alamar wani. Manufar ita ce kada mai amfani ya zaci kamfanin ne ya yi abin, ko ya tsaya masa.

A nan ne nahawun Hausa ya shigo. A ce ɗalibi daga Dungas ya haɗa ƙamus mai duba rubutu bisa ƙa'idar Nijar, wadda ke rubuta ƴ inda Nijeriya ke rubuta 'y. Abin da zai fara zuwa bakinsa shi ne "Ƙamusun Firefox". To amma ɗafin -n da -r mai haɗa suna da suna ba ya fayyace dangantakar da ke tsakaninsu. A "hular Audu" mallaka ce, a "ruwan sha" manufa, a "tayar mota" ɓangare, a "gyaɗar Magarya" kuwa asali. Saboda haka "Ƙamusun Firefox" na iya nufin wanda Firefox ta mallaka, ko wanda ya fito daga gare ta, ko wanda aka yi dominta. Biyun farko su ne ainihin abin da ƙa'idar ta hana. Ingilishi ya raba waɗannan ma'anoni da kalmomi daban-daban, Hausa kuwa ta bar wa muhallin magana.

"Ƙamusun Hausa don Firefox" ya fid da mu daga shubuha, ko da yake kunnen Bahaushe na jin ƙamshin fassara a jikinsa. A ganina "mai aiki da Firefox" ya fi zama a baki, kuma bai jingina mallaka ga kowa ba.

Masu alama suna da wani abin tsoro kuma. A kasuwar Magarya kowane garin sabulu "omo" ne, kowane ɗunƙulen miya "magi". Sunan da ya zama gama-gari haka ya daina nuna mai shi, kuma a dokokin ƙasashe da dama yana iya rasa kariya.

Kariyar ma tana da iyaka. Nijar na cikin ƙasashe 17 na OAPI, hukumar da yarjejeniyar Bangi ta 1977 ta kafa, mai hedikwata a Yawunde, Nijeriya kuwa ba ta ciki. Don haka sunan da ɗalibin ya yi wa rajista a OAPI yana da kariya a Dungas da Magarya, amma da an tsallaka zuwa Maigatari ko Babura, sai ya sake nema a Abuja.