Injin yankan ƙarfe: a karanta faifai kafin a ɗaura shi

Duk wanda ya ratsa kasuwar Katako a Yamai, ko wuraren masu walda na Maraɗi da Damagaram da Tawa, ya san kukan wannan inji tun kafin ya gan shi. Ƙaramin inji ne na lantarki da ake riƙewa a hannu, da faifai a bakinsa, wanda masu jin faransanci ke kira meuleuse. Wani kamfani na ƙasar Jamus ne ya fitar da irinsa mai saurin juyi a shekarar 1954. Yau da shi ake yanka rodi, a goge walda, a haɗa ƙofofi da tagogi da amalanke. Aikin da zai ci wa mai zarto rabin yini, shi yakan gama shi nan da nan. Sai dai yana cikin kayan aikin da suka fi raunata ma'aikata, kuma galibin haɗarinsa daga faifan yake fitowa.

Faifan nan ba ƙarfe ba ne. Tsakin dutsen wasa ne aka dama da wani irin ƙaro, aka ƙarfafa shi da ragar zaren gilas, aka gasa. Ƙaramin inji yakan juya shi wajen sau 11.000 a minti guda, kuma an ƙera shi don bakinsa ya jure gudun mita 80 a daƙiƙa, watau kilomita 288 a awa. In ya fashe, da wannan gudun ɓaraguzansa za su tashi, fuska da wuyan mai aiki kuwa suna kusa.

Saboda haka ne masu ƙera faifai suke buga lambobi a kansa, kuma duk wanda ya iya karatun lamba zai gane su. Lamba ta farko ita ce faɗinsa: milimita 115, ko 125, ko 230. Ta biyu ita ce iyakar juyin da zai ɗauka: na 115 yana ɗaukar 13.300, na 230 kuwa ba ya wuce wajen 6.600. A jikin injin ma an rubuta nasa juyin. Ƙa'ida ita ce lambar faifai ta kai ta inji ko ta fi ta. Amma akwai ma'aikacin da in ƙaramin faifai ya ƙare masa, sai ya kwance murfin kariya na ƙaramin inji ya cusa babban faifai, wai don kada aiki ya tsaya. Wannan ya tara kuskure biyu wuri ɗaya: ya sa faifan gudun da ya haura kilomita 450 a awa, wanda ba a yi shi dominsa ba, sa'an nan ya cire murfin nan mai siffar rabin wata, wanda shi ne garkuwar da ke tare ɓaraguzai.

Akwai lamba ta uku da ba kowa ke lura da ita ba. A zoben ƙarfe na tsakiyar faifai an buga wata da shekarar da zai daina aiki, domin ƙaron yana tsufa, kuma shekara 3 aka yanka masa daga lokacin da aka ƙera shi. Faifan da ya kwana cikin laimar damina, ko ya faɗi ƙasa, ko aka ga tsaga a bakinsa, na zubarwa ne ko da sabo ne. Sabon da aka ɗaura kuma a bar shi ya yi juyin minti guda bai taɓa kome ba, an kawar da fuska daga saitinsa.

Faifan yanka daban yake da na goge. Na yanka siriri ne, kaurinsa milimita 1 zuwa 3, da bakinsa kaɗai yake aiki, a miƙe. Na goge ya kai milimita 6, ana kwantar da shi a ɗan karkace. Wanda ya goge walda da gefen faifan yanka yana cinye ragar da ke riƙe da shi ne.

Haɗari na biyu shi ne faifai ya maƙale cikin ƙarfe, inji ya yi tutsu ya komo kan mai shi. Maganinsa a ɗaure ƙarfen tam, ba yaro ya danne shi da ƙafa ba, a tokare shi yadda yankan zai buɗe maimakon ya matse, a riƙe inji da hannu biyu, mariƙin gefe yana ɗaure. Ba a dannawa da ƙarfi, kuma ba a ajiye inji ƙasa sai faifai ya tsaya cik.

Baƙin tabarau na kasuwa ba ya tare ƙarfe. Ana bukatar tabarau na aiki mai rufe gefen ido. In ɓarɓashi ya shiga ido, kada a murza, kada a ƙwaƙula da tsinken ashana. A tafi likita ranar nan, domin ƙarfe yana soma tsatsa cikin ido a ƴan awowi. Babbar riga da jelar rawani kuwa, faifai yana naɗe su kafin mutum ya ankara.

Tartsatsi yana tafiya mita da yawa, ga shi kuma sau da dama rumfar mai walda tana maƙwabtaka da teburin mai sayar da fetur a kwalba. Gangar da ta taɓa ɗaukar fetur, ko ta daɗe ba kome ciki, tururin da ya rage yana iya tarwatsa ta da tartsatsi ɗaya.

Sauran batun ɗaukewar wuta. Injuna da yawa makunninsu yana maƙalewa a kunne. Wuta ta tafi, yaro mai koyon sana'a ya ajiye inji ya nufi inuwa, wuta ta komo, inji ya tashi shi kaɗai a tsakar shago. Wajibin mai shago ne ya koya wa yaransa tun ranar farko cewa da ɗaukewar wuta, da canjin faifai, duka a kashe makunni a zare waya daga bango.